Sandar Kamfani a Benen Hajiya Suwaiba

Lukuman dai ma'aikacin wani ƙaramin kamfanin sadarwa ne a unguwar Congo-Russia da ke Jos, mutum mai sanyin hali, wanda ko waya zai yanke sai ya auna ta sau biyu. Shi ya kafa eriyar da ke haɗa wani ɗan asibiti a Rikkos da babban reshensu na Rayfield ta rediyo, don aika sakamakon gwajin jini. Da yake asibitin a kwari yake, sai aka roƙi maƙwabciya, Hajiya Suwaiba, aka dasa sandar eriyar a saman benenta.

Wata uku lafiya lau. Daga nan kuma, duk Litinin da Alhamis da hantsi sai sigina ta faɗi, saƙo ya tafi rabi ya tsaya. A kira Lukuman, ya hau mashin ya zo, ya yi sallama, ya jira a zaure kamar yadda ake yi a gidan matan aure. A kawo masa shayi. Bayan minti goma a ce ya shigo. Ya hau sama ya jona kwamfutarsa, ya ga sigina garau, ba hayaniya a layin, saƙon gwaji ɗari da ya tura ɗarin suka dawo.

Ya canza kebul. Ya canza modem. Har wata bishiyar turare da ke hanya sai da ya zarga, baiwar Allah.

Maigidansa, Oga Onyebuchi, ya kira shi ofis.

"Lukuman, ni ban gane ba. Asibiti ya ce ba ya aiki, kai ka ce yana aiki. Nan da Juma'a in bai gyaru ba, zan ba wani, kai ka koma jan waya."

Shekara shida Lukuman ya yi yana jan waya kafin a yarda ya riƙa awon sigina. Sai ya ce, "To, Oga."

Ranar Laraba ya zauna ya bi bayanan da modem ɗin ke ajiyewa minti-minti. Ƙarfe tara sigina ke faɗuwa, ta riƙa farfaɗowa a hankali zuwa azahar. Amma duk ranar da ya zo, tashi ɗaya take warkewa, kuma daidai lokacin da yake zaure yana shan shayi.

Ranar Alhamis ya yi sallama ya ce, "Hajiya, alfarma nake nema. Yau kada a gyara mini komai."

"Haba ɗan nan, baƙo ya shigo ya tarar da gida a hargitse?"

"Hargitsin nake so in auna, Hajiya."

Sai ta ce wa jikarta, "Madina, bar su yadda suke."

Da ya hau, sai ga igiyar shanya an ɗaura daga tankin ruwa zuwa sandar kamfani, da barguna huɗu jiƙaƙƙu, irin masu kaurin nan na sanyin Jos. Sandar ta ɗan rusuna kamar mai gaida suruki, eriyar ta bar kallon Rayfield. Lukuman ya jona kwamfuta. Ya sauke bargo ɗaya ya rubuta lamba, ya sauke na biyu ya rubuta. Yana sauke na huɗu sigina ta dawo garau.

"Hajiya, tun yaushe ake shanya a nan?"

"Tun da ƙusar igiyarmu ta fita. Sandarku ai ƙarfe ce mai kyau. Kuma duk zuwanka sai mun kwashe, don kada ka ce ba mu da tsari."

"Allah ya saka da alheri, Hajiya."

A ranar ya ƙara ɗaure sandar, ya kafa musu wata daban ta shanya. A takardar rahoto, wurin da aka ce a faɗi dalilin matsala, ya rubuta: barguna huɗu, jiƙaƙƙu. Oga Onyebuchi ya karanta sau biyu, ya sa hannu, ya ce ya ci gaba da awonsa.

Ita kuwa Hajiya har yau cewa take sabuwar sandar ba ta kai ta kamfani ba. Shi ya sa duk Litinin Lukuman kan biyo ta layinsu, ya tsaya daga titi ya ɗaga kai ya dubi sandar kamfani, ba tare da ya yi sallama ba.