Hagun Malam Sallau

"Malam Sallau, ka bar rabin fangalin nan ba dashe," in ji Falalu.

Sallau ya ɗago yana dogare da sanda, ya dubi layin albasar da ya dasa. "Wane rabi? Na gama shi tas."

Falalu ya sake duban fangalin. Shekara goma sha ɗaya gonakinsu na maƙwabtaka a bakin hanyar ruwa, bayan garin Mafara, bai taɓa ganin Sallau ya karkace layi ba. Yau ga dashe reras a dama, hagu kuwa ƙasa ce tsirara.

Tun ranar da 'yan bindiga suka tare su a hanyar Gidan Goga, suka buga masa gindin bindiga a ƙeya, abin ya same shi. Likita a Gusau ya ce bugun ya taɓa ƙwaƙwalwa. Idon lafiya lau, hankalin ne ya daina waiwayar hagu. Yakan ci rabin tuwo ya ce Barira, matarsa, ta rage masa. Yakan bugi ƙofar zaure da kafaɗa. In ka gaishe shi ta hagu, sai ya nemi muryarka ta dama.

Da azahar Surajo, babban ɗansa, ya iso kan babur.

"Baba, don Allah ka koma gida. A ba wani gonar nan bana."

"Masu bindiga ba su raba ni da ita ba, sai kai?" Ya juya yana laluben maƙwabcinsa. "Falalu, hwaɗa mini gaskiya. Akwai saura?"

"Akwai, Malam. Rabi cif."

Sallau ya gyara riƙon sandarsa. Sannan ya taka, yana tangaɗi, har ƙarshen fangalin, ya juyo ya fuskanci inda ya fito. Ƙasar da ya bari ta koma damarsa.

"To, ga ta nan," ya ce. "Miƙo mini irin."

Haka ya yi kwana tara, ya tafi da dashe ya dawo da dashe. Falalu ya so kama masa, ya hana. Sau biyu yana faɗuwa cikin laka, ya tashi da kansa. Ranar Alhamis ya gama.

Juma'a da hantsi Barira ta aiko a kira Falalu. Ya tarar da Sallau riƙe da ƙeya yana amai. Suka ɗauki mota zuwa Gusau, Surajo a gaba, Falalu a baya ta hagun Sallau.

"Ina Falalu?"

"Ga ni, Malam. Bari in zagayo ta damarka."

"Zauna inda kake. Ni za ni nemo ka."

A hankali ya riƙa juya wuya, gumi na tsatso masa, har idonsa ya sauka kan fuskar Falalu. Ya dube shi sosai.

"Ka tsufa," ya ce.

Ba su kai Maru ba ya cika. Aka juyo da motar, aka yi masa sutura bayan la'asar.

Ranar Lahadi ake sako wa layin gonakinsu ruwa. Falalu ya wuce tasa gonar, ya sa fartanya ya fasa bakin ta Sallau. Ya tsuguna a kan kunya, takalmansa a hannu, ruwan na bin tsakanin 'yan ganyen albasa a hankali.