To Ba Amsa Ba Ce

Ibtisam, 'yar wana Malam Zulkiflu, ta dawo gida unguwar Limancin Kona daga makarantar koyon tuƙin jirgin sama idanunta jajur. Ni gwaggonta ce, a bayana ta girma, don haka ban tsaya kewaye-kewaye ba.

"Ke, wa ya rasu?"

Ba wanda ya rasu, jarrabawa ta faɗi. Dama ɗaya ta rage mata, in ta sake faɗuwa sai dai ta tattara komatsanta ta bar makarantar.

A wannan jarrabawar, in ji ta, ana tare wa ɗalibi ganin waje. Agogunan gabansa kawai yake kallo, mutumin hasumiyar filin jirgi yana ba shi umarni ta rediyo. Mutumin ya ba ta izinin sauka, amma da sharaɗin ta tsaya a tsayin ƙafa dubu huɗu har sai ta hau layin da zai kai ta fili. Rediyo ya yi ƙara. Ta ji izinin, ba ta ji sharaɗin ba. Ta san wani abu ya wuce ta, amma muryar ta dattijo ce, sai ta amsa da "to" ɗin Turanci ta soma gangarowa. Nan take mai jarrabawa ya karɓe tuƙi.

Na ce, "Yo ba sai ki ce ya maimaita ba? Bakinki ciwo yake?"

"Gwaggo, sa'an Baba ne fa."

Sai tausayinta ya kama ni. A gidanmu babba ba ya magana sau biyu. Ko ka ji ko ba ka ji ba, "to" za ka ce, ka fita ka tambayi na kusa. A sama kuwa ina na kusa?

Duk wannan Malam yana ji. Bayan la'asar da ɗalibansa suka watse, ya kira ta zaure, ni ma na bi don ba a barina a baya. Ya ce shi ne hasumiya. Ya ja amawali ya rufe baki, ya yi wani gunaguni da ko aljani ba zai gane ba.

"To, Baba."

"To me? Me na ce?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ɗalibin da bai biya mini karatu ba, ban san ya ɗauka ba," in ji shi. "Ce mini ba ki ji ba."

Wallahi da dutse ya ce ta ɗaga da ya fi mata sauƙi. Hawaye na zuba, da ƙyar ta ce, "Ban ji ba, Baba. A sake faɗa."

"Madalla. Ƙara murya."

Haka suka yi ta yi kullum. Mutumin da ko tari ba a yi in yana magana, ga shi yana roƙon 'yarsa ta katse shi. Ni ina gefe ina dariya, zuciyata kuwa ta karye.

Ranar jarrabawa Malam bai iya cin abinci ba, ya ce wai ba ya jin yunwa. Da azahar waya ta yi ƙara, ya miƙo mini, na buɗe murya kowa ya ji.

Ibtisam ce. Ta ce dattijon nan ne dai a hasumiya, ya ba da izini da sauri, lambar ta shige mata. Ta ce ya maimaita. Ya maimaita, ta biya masa, ta riƙe tsayin da ya ce har ta hau layi. Ta ci.

Malam ya karɓi wayar. Ita 'yar fari ce, tun da aka haife ta bai taɓa kama sunanta ba, daga "ke" sai "yarinyar nan".

"Ibtisam," ya ce. "Allah ya yi miki albarka."

Can a ɗaya ɓangaren ba mu ji komai ba sai kuka.