Dangin Sista Agogo

Jami'a ta dawo wa Sista Agogo da kundin bincikenta ranar Talata, aka ba ta mako shida ta sake babi na huɗu daga tushe. In wa'adin ya wuce, digirinta na biyu a fannin shugabanci da tafiyar da asibiti sai baɗi. Dalilin bai wuce layi ɗaya ba, da jan biro, a gefen shafi na sittin da bakwai: "Minti ashirin da huɗu? A wane asibiti?"

A asibitin da ta shekara goma sha tara tana aiki ne. Ita ce babbar nas ta sashen da marasa lafiya ke zuwa a duba su su koma gida. Laƙabin ya samo asali ne daga ɗan agogon da take maƙalawa a ƙirjin rigarta, wanda takan duba ko gaisawa ake yi da ita. Shekara biyu ta yi tana tashi daga aiki ta wuce aji, ta zauna cikin yaran da wasunsu ita ta yi musu rigakafi suna jarirai.

Abin da ta zaɓa ta bincika kowa ya san shi a ƙafafunsa: tsawon lokacin da mara lafiya ke ɗauka daga shigowa ƙofa zuwa karɓar magani. Benci takwas ne a zauren, tagar kati ɗaya, likita biyu. A idonta abin ya haura awa uku. Farfesan da ke duba aikinta ya ce ba a sa ido a kundi, ta je ta kawo lamba.

Sai ta ɗauki hutun mako uku. Kullum ƙarfe bakwai tana bakin ƙofa cikin kayan gida. Duk mutum na goma ta miƙa masa 'yar takarda ruwan ɗorawa, ta rubuta lokacin shigowarsa, ta sa hannu a ƙasa, don jami'a ta ce kowace takarda sai da sa hannun mai bincike. Ta ce ya riƙe har ya isa tagar magani, inda za a rubuta lokacin fitarsa a jefa ta kwali. Ban da roƙon mai ba da magani ya riƙa rubuta lokacin, ba ta yi wa ma'aikata bayani ba. Littafin karatunta ya ce ma'aikacin da ya san ana auna shi yakan canza tafiya.

Takarda ɗari biyu da arba'in ta tara. Sau uku kwamfuta tana ba ta minti ashirin da huɗu. Abin ya ɗaure mata kai, amma shekara biyu ana koya mata ta yarda da lamba fiye da idonta, don haka ta yarda. Babban Likita ya karɓi kwafin shafin, ya sa aka yi masa gilashi aka rataye a bayan kujerarsa.

Washegarin dawo da kundin ta nufi tagar kati. Dattijon da ke wurin, Baba Mai Kati, ya riga ta fara aiki a asibitin da shekara shida.

"Baba, takardun nan ruwan ɗorawa, kana tune da su?"

"Haba Sista, ni zan manta? Yaya mutanen naki, duk sun sami sauƙi?"

"Waɗanne mutane?"

"Danginki mana."

A asibitin akwai tsari guda da ba a rubuta a ko'ina ba, amma ya fi duk sanarwar da ke manne a bango aiki. Ma'aikacin da ɗan'uwansa ya zo ba lafiya yakan yagi takarda ya sa hannu ya ba shi. Mai kati na ganin sa hannun zai ɗaga kai ya ce "zagayo ta nan", daga nan sai ɗakin likita, sai gwaji, sai magani. Marasa lafiya ma sun san da haka, shi ya sa duk wanda Sista ta ba takarda bai jira tagar magani ba, tun a tagar kati ya ɗaga ta sama. Ita kaɗai ce a duk ginin ba ta taɓa rubuta wa kowa irin wannan takarda ba.

"Ran da na fara ganin sa hannunki," in ji Baba Mai Kati, "wallahi sai da na kira 'yan ɗakin gwaji suka zo suka gani. Muka ce yau dai Sista ta zama mutum."

"Ɗari biyu da arba'in, Baba. Ba ka tambayi kanka ba?"

"Na tambaya. Na ce baiwar Allahn nan tara su ta yi shekara goma sha tara, ta sauke mana lokaci guda. Ga ki kuma a bakin ƙofa kina tarbar su da kanki. Akwai wani dogo da ko harshenmu ba ya ji, na ce to, ƙila ta wajen miji ne."

Ta yi masa bayanin binciken tiryan-tiryan. Ya saurara, ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Wato mun ɓata miki karatu."

"Kun ɓata."

"Ba komai, za mu gyara. Ki sake kawo takardun. Awa nawa Farfesan yake so?"

"Baba!"

"Duk mai ruwan ɗorawa mu zaunar da shi. Huɗu ta isa?"

"Marasa lafiya ne fa."

"To uku da rabi. Ƙasa da haka ba zai yarda ba, ni ma ba zan yarda ba."

Ta duba agogonta ta tafi.

A gida mijinta, malamin lissafi da ya yi ritaya, ya yi dariya har sai da ya ajiye kofin shayinsa. Tun da ta fara karatun yake kiranta Shugaba.

"Shugaba, ashe dangi gare mu haka? Ni da na zo da ciwon kunne na yi awa huɗu a bencinku, kika wuce ni sau biyu ko kallo ban ishe ki ba."

"Layi ne, Malam."

"Na sani. Har yau in na ga benci kunnen nan sai ya motsa."

Ta tsaya tana kallonsa, irin kallon da take yi wa jijiya kafin ta soka allura.

"Wa ya san ka a asibitin?"

"Ba kowa. Ke kika tabbatar da haka."

Ta waya Farfesa ya amince da sabuwar hanyar: babu takarda, babu sa hannu, mutum ɗaya ne zai zauna cikin jama'a ya riƙa bin kowane mutum na goma da ido yana rubuta lokaci. Ranar Litinin Malam ya zauna a benci na biyar da tsohuwar hula da ƙaramin littafi cikin jarida. Ya dawo da awa uku da minti arba'in da ɗaya. Talata, awa uku da minti goma sha takwas. Sista ta shigar da lambobin a kwamfuta, aka ji tana 'yar waƙa a kicin, abin da ba a saba ji ba.

Ranar Laraba da safe agogon hannun Malam ya tsaya. Suna bakin ƙofa, ta makara, ta ɓalle nata ta danƙa masa ta ce ya bar shi a aljihu. Agogon nas a kife fuskarsa take, an yi shi ne don a karanta daga ƙirji. Malam ya juya shi sau biyu a tafin hannu, ya ga wahalar ta yi yawa, ya maƙala shi inda aka yi shi dominsa.

Kafin ƙarfe goma an kawo masa kujera mai hannu da ruwan sanyi. Wata tsohuwar taga kusa da ta kati, wadda kwalaye suka toshe shekara huɗu, aka kwashe kwalayen aka buɗe ta. Likita na uku ya ɓullo daga wani wuri. Tun da ba wanda ya san ko wa dattijon yake kallo, kowa aka sallama da sauri. Minti hamsin da biyu.

Da rana Sista ta sake tsayawa a tagar kati.

"Baba, ka san mutumin can?"

"Ni? Ban taɓa ganinsa ba." Ya ci gaba da jera katuna. "Agogon dai na gaishe shi, mun daɗe tare."

Malam bai ga abin damuwa ba. Ya ce ai an gama binciken. "Ki rubuta a babi na biyar, Shugaba: a nemo dattijo ɗaya da agogo ɗaya a ajiye a benci. Ni ba na komai da safe."

Ba ta rubuta haka ba. Ta aika wa Farfesa lambobin uku, ashirin da huɗu, da awa uku da rabi, da hamsin da biyu, ta bayyana yadda aka samo kowace, ta tambaye shi wacce ce ta asibitin.

Har safiyar Juma'a bai amsa ba. Shafin minti ashirin da huɗu na nan rataye a bayan kujerar Babban Likita, taga ta biyu tana buɗe, kuma saura kwana talatin da biyu wa'adin ya cika.