Rigar da Ba Ta Shiga Ambulan

Ofishin ƙungiyar yana hawa na biyu, a saman wani shagon sayar da tabarau. Sau biyu mai ɗinkin ta tsaya ta huta kafin ta kai ƙofar. Ƙanwarta na biye da ita, riƙe da jakar leda.

"Yaya, da kin bari na kira su a waya. Gwiwar nan fa yanzu ba taki ba ce, ta likita ce."

"Sau uku na kira. Kiɗa suke sa mini."

Shekara shida ke nan mai ɗinkin tana ɗaukar nauyin karatun wata yarinya a wata ƙasa da ba ta taɓa takawa ba. Ƙungiyar ce tsakaninsu. Sau biyu a shekara ake aiko mata da wasiƙar yarinyar haɗe da fassara, sau ɗaya kuma da hoto. A makon jiya ambulan ya zo da takarda mai layi huɗu: yarinyar ta fita daga shirin, an rufe fayil ɗinta, ga hoton wata daban idan tana son ci gaba.

Tebur uku ne a ɗakin, da injin buga takardu, da taswira a bango. Wata matashiyar jami'a mai katin aiki a wuya ta jawo musu kujeru. A teburin lungu wani dattijo yana rubutu, bai ɗago ba.

"Sannunku da zuwa, Mama. Kin zo da lambar fayil?"

Mai ɗinkin ta faɗi lambar da ka. Sannan ta buɗe jakar hannunta, ta jera hotuna shida a kan teburin, daga na farko zuwa na ƙarshe. A dukkansu yarinyar tana tsaye a bakin ƙofar aji ɗaya, sanye da kayan makaranta.

"Kin ga sakatar ƙofar nan? A nan kafaɗarta ba ta kai ta ba. A nan ta kai. A nan ta wuce da yatsa uku. Ƙofa dai ƙofa ce, na auna ƙofar shagona. Da haka nake fitar da awon yarinyar, kowace shekara in ɗinka mata riga."

"Mama, ai ba ma karɓar kaya. Sai takarda, abin da zai shiga ambulan."

"Ta sani," in ji ƙanwar. "Biyar suna akwati, ga ta shida a leda. Ni da muke ciki ɗaya, atamfata wata huɗu tana kan kekenta, ko almakashi bai gan ta ba."

"Ke tsawonki ya tsaya tun tuni, ba ki da gaggawa."

Jami'ar ta yi dariya, ta daina da ta ga mai ɗinkin ba ta yi ba. Mai ɗinkin ta tura hoton ƙarshe gaban jami'ar da yatsa.

"A hotuna biyar ɗin nan riga ɗaya ce. Duk shekara ana warware kalmasar ƙasa a ƙara mata tsawo, ga sawun tsohon ɗinkin nan. Wannan ta ƙarshen ba tata ba ce. Kafaɗa ta sauko, hannu ya rufe mata wuyan hannu. Aro aka yi mata don a ɗauki hoto. Tun bara na san yarinyar nan ba ta zuwa makaranta."

Ƙanwar ta juyo ta dube ta. "Tun bara? Kika yi shiru, har ni?"

"Na ji tsoron in na tambaya a rufe fayil ɗin."

Jami'ar ta juya ga kwamfuta. Ta daɗe tana karantawa kafin ta yi magana, kuma da ta fara, ba ta ƙara komai a kan abin da ke rubuce ba. Uban yarinyar ya sami aiki a wani gari mai tashar jiragen ruwa, iyalin suka tashi a tsakiyar zango na biyu. Kafin yarinyar ta bi su, ranar ɗaukar hoto gwaggonta ta kawo ta, malamai suka ara mata riga. Sun yi zaton iyalin za su dawo, ba sa so a cire sunanta. Ba su dawo ba. Sai bana ma'aikacin ƙungiyar na can ya duba rajistar aji.

"Wane gari ne?"

"Ba a rubuta ba. Ko da an rubuta, Mama, doka ba ta ba ni damar faɗa miki ba. Don kare yaran ne."

"Kuna da makaranta a wajen?"

Jami'ar ta gyara katin wuyanta. "Muna da biyu a gaɓar tekun."

"Da na yi magana bara, da an mayar da ita ɗaya daga ciki?"

"Da an neme ta tun sawu bai ɓace ba. Iyakar abin da zan iya cewa ke nan."

Mai ɗinkin ta tattara hotunan ɗaya bayan ɗaya, ta daidaita gefensu a kan teburin.

Dattijon da ke lungu ya ajiye alƙalaminsa. "Tana da damar aika wasiƙar bankwana," in ji shi. "'Yata, ba ki gaya mata ba."

Jami'ar ta ce shi ne mai fassararsu, ɗan ƙasar ne, shekara talatin rabonsa da gida. Mai ɗinkin ta leƙa takardar da ke gabansa, ta gane rubutun nan take: shi take karantawa shekara shida.

"Ashe kai ne, Baba."

"Ni ne, Hajiya. Maganar tata ce, hannun nawa."

Ya yi mata bayanin ƙa'idar. Shafi ɗaya. Ba adireshi, ba lambar waya, ba alkawari. Za ta tafi cikin jakar ƙarshen wata, a ajiye ta wurin shugabar tsohuwar makarantar. Idan wani daga dangin ya biyo ta wajen, a ba shi.

"In ba wanda ya biyo fa?"

"Tana nan a aljihun tebur."

Mai ɗinkin ta nemi farar takarda da fensir da rula. Ta ciro rigar daga leda, shuɗiya mai farin wuya, ta shimfiɗa ta a kan teburin jami'ar, ta zaro tef ɗin awo daga jakarta. Ta zana gaba, ta zana baya, ta zana hannu da wuya, kowanne da awonsa a gefe. Ba ta goge ko layi ɗaya ba. Injin buga takardu ya yi ƙara ya tsaya, ba wanda ya je ɗauko abin da ya fitar.

"Duk telan da ta kai wa wannan zai gane," in ji ta. "Baba, rubuta a ƙasa: a bar yatsa huɗu a kalmasa, za ta ƙara tsawo."

Dattijon ya rubuta da harshensu. "Ba gaisuwa, Hajiya? Akwai sauran wuri, kamar layi biyu."

Ƙanwar ta taɓa mata gwiwa. Mai ɗinkin ta ajiye fensirin.

"Ka ce ina gaishe ta, ina gaida mahaifiyarta. Ka ce duk wasiƙunta suna nan."

Jami'ar ta karanta shafin kamar yadda aiki ya tanada, ta buga hatimi a baya, ta naɗe shi uku ta sa a ambulan. Ta tambaya game da sabuwar yarinyar. Mai ɗinkin ta ce a ba ta lokaci.

"Idan yarinyata ta karɓi wasiƙar, za a gaya mini?"

"Fayil ɗin a rufe yake, Mama. Amsa ba ta da hanyar da za ta bi."

Dattijon ya riga ya koma kan aikinsa. Bai ɗago ba ya ce, "Ina da ɗan ƙane a yankin, mukan yi waya jefi-jefi. Zan sa ya riƙa tambayar shugabar ko an karɓa. Ban yi miki alkawari ba."

"Wace rana kake zuwa nan?"

"Talata kawai."

Mai ɗinkin ta ninke rigar, hannu a ciki, wuya a sama, ta miƙa wa ƙanwarta.

"In mun koma ki rubuta mini a kwali, mu liƙa a ƙofar shago. Ranar Talata ba na buɗewa sai bayan azahar."