Naman Kawu Muntaka a Hannun Dama

Ƙarfe bakwai Ilyasu ya fito da motar nama daga mayanka, shanu biyu feɗaɗɗu a baya an lulluɓe da tampol. Kawunsa Muntaka, mahauci mai shekara talatin a sana'a, yana zaune a gefensa. Rumfarsu tana unguwar Boutalbagar, kuma watan Afrilu ne. Naman da ya kai ƙarfe goma a rana sai dai a haƙa rami a binne.

Kafin shataletale motoci suka tsaya. Wata tifa ce ta mutu a gaba, matsalar da minti goma za su warware da mutane za su bi layi.

"Fita hagu," in ji Kawu.

"Hannun masu tahowa ne, Kawu."

"Ka ga mai tahowa?"

"Zai taho."

Wata uku Ilyasu ya yi a makarantar tuƙi kafin ya karɓi permi, wato lasin tuƙi, kuma shi kaɗai ne a danginsu ya taɓa zama a gaban allo don a nuna masa amfanin farin layin tsakiyar kwalta. Ya riƙe sitiyari, bai motsa ba.

Sai ga Abdulnasir, mai rumfar da ke jikin tasu, ya fizgo motarsa ta hagu. Ya leƙo yana dariya. "Sai kun iso, 'yan makaranta. Zan gaida masu ciniki."

Ya wuce. Na biyu ya wuce, na uku ya wuce. Na takwas ne ya yi kiciɓis da bas. Waɗanda ke can ɓangaren, da suka ga an cinye musu hannu, su ma suka ɓarke nasu layin. Kafin ƙarfe takwas layi huɗu na kallon layi huɗu, 'yan kilando masu acaɓa sun cusa babura a duk tazarar da ƙafa za ta shiga. Kowa na danna hon, kowa na zagin na gabansa da Larabci, ba wanda ya ce shi ne ya jawo. Wani dattijo ma ya sauke gilashi yana cewa haka Allah ya ƙaddara, alhali motarsa a karkace take a hannun mutane.

Ilyasu ya so buɗe ƙofa, babur ya tokare ta. Ƙudaje suka fara sauka a kan tampol.

"Malam mai permi," in ji Kawu a hankali, "takardarka za ta iya sanyaya nama?"

"Su suka toshe hanyar, Kawu. Da kowa ya tsaya a hannunsa da tuni muna sara."

"Da ka fita lokacin da na ce, da tuni muna sara."

Abin da ya fi ƙona wa Ilyasu rai shi ne maganar gaskiya ce.

Ƙarfe goma da rabi Kawu ya fita ta taga, ya hau baya, ya ɗaga tampol. Ya danna yatsa a cinyar naman, ya sunsuna. Ya daɗe a tsugune kafin ya mayar da rufin. Da ya dawo bai yi faɗa ba.

"Gobe in na ce hagu?"

"Gobe ma ba zan fita ba, Kawu."

Kawu ya miƙa tafin hannu. Ilyasu ya zare makulli ya sa masa. Suka sauya wuri ta kan giya, da kyar, gwiwa na bugun gwiwa.

Kawu ya tada mota, ya murɗa sitiyari hagu har ƙarshe. Taku ɗaya tsakaninsa da ƙofar wata tasi, direbanta ya kashe inji yana barci. Ya danna hon sau biyu, sannan ya kashe motar shi ma. Warin ya fara shigowa ta baya, kuma ba halin rufe gilashi saboda zafi.