Alat ɗin Maccido a Kasuwar Goronyo

Maccido manomin albasa ne a Wurno. Tun da ya sayi babbar waya bana ya daina karɓar kuɗi a hannu. "Tura kawai," yake ce wa kowa, yana goge gilashin da bakin rigarsa.

Ranar Lahadi ya kai buhu goma kasuwar Goronyo. Wani mutum mai shadda da ƙamshin turare ya taya, bai ko ja ciniki ba. Ya karɓi lambar asusu, ya latsa wayarsa, nan take ta Maccido ta yi ƙara.

Sai mutumin ya dafe kai. "Subhanallahi! Na yi kuskure, na ɗora dubu ɗari a kai. Don Allah maido mini, direba na jira."

Maccido ya duba alat ɗin, wato saƙon shigar kuɗi, haka ne kuwa. Kansa ya kumbura: yau Goronyo za ta ga mai amana. Ya ja mutumin zuwa rumfar yayarsa Bara'atu, wadda ke aure a garin tana sana'ar POS.

"Yaya, ciro mini dubu ɗari in ba Alhaji."

"Wane Alhaji? Kai ka raka shi Makka? Kawo wayar."

Ta duba, ta ɗan matse ido. "Maccido, yaushe bankinka ya koma aiko saƙo da lambar mutum? Waɗanda sunka gabata dut da sunan banki sunka zo. Buɗe asusun mu gani."

Ya buɗe da ƙyar, sau biyu yana kuskuren lambar sirri. Abin da ya bari jiya shi ne a ciki, ko kwabo bai ƙaru ba.

"Matsalar sabis ce, Hajiya," in ji mai shadda. "Zai shigo."

"To zamna mu jira shi tare. Ga benci, ga ruwa. Albasa ba ta da ƙahwa."

Mutumin ya ce bari ya kira direba ya dawo. Har aka yi la'asar ba a ga ƙeyarsa ba.

Maccido ya mayar da wayarsa aljihu. Can ya ce, "Ai dama ban yarda da shi ba."

"Awo. Shi ya sa ka taho da gudu har hularka na hwaɗuwa."

Kafin rana ta faɗi wani ɗan garin Rabah ya sayi albasar, kuma Maccido bai bari an ɗaga buhu ba sai da ya ga kuɗin cikin asusu. Da zai tafi ya waiwayo.

"Yaya, kar ki gaya ma matata."

"Ni? Mi ka ɗauke ni?" ta ce, tana laluben lambar matar tasa, Kaltume.