Bidiyon Takin Zamani

Tun da hantsi Harisu ya kasa zama wuri ɗaya. Ya shiga ɗaki, ya fito tsakar gida, ya leƙa zaure, ya dawo ya sake danna kwamfutar. Ita kuwa 'yar banza sai ƙugi take kamar injin markaɗe, allonta ya cika da tallace-tallacen da ba wanda ya gayyato su. Wani ya ce ya ci mota. Wani ya nuno wata mata da ko ɗankwali babu, ya yi maza ya kare da tafin hannu yana salati. In ya rufe ɗaya, biyu su buɗe. Foldojinsa kuwa duk sun rikiɗe sun koma wasu 'yan alamomi masu kibiya a gindi, in ya danna sai wani baƙin abu ya ƙyafta ya ɓace, shi ke nan.

"Baban Ummi," in ji matarsa Barira daga bakin murhu, "wai takardun jarrabawar yaran naka ne suka ɓata kake wannan safa da marwa? Sai ka sake rubutawa mana."

"Su ne," ya ce.

Ƙarya yake yi. Takardun jarrabawa ko a jikinsa. Abin da ke cin ransa bidiyo ne guda ɗaya, kuma duk duniya babu wanda ya san da shi sai shi.

Harisu ɗan fari ne a gidan Fulani. Kakanninsa sun daɗe da ajiye sanda sun zauna a Haɗeja, shi kansa malamin firamare ne mai 'yar gonar shinkafa a fadama, amma Innarsa har ta koma ga Allah ba ta saki kunyar ɗan fari ba. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Kai" take cewa, ko "wancan", in ta matsu ta ce "yayan su Adila". Ranar da ya kawo mata labarin ya sami aiki ma, juya baya ta yi ta ci gaba da damun furarta. Ya sani al'ada ce, ya sani ba ƙiyayya ba ce, amma wallahi tun yana yaro abin yana masa ciwo.

To, ranar sunan 'yarsa, wadda aka sa wa sunan Innar ake kiranta Ummi, ƙanwarsa Adila tana ta ɗaukar bidiyo da waya, sai aka kira ta rabon waina. Ta jingine wayar jikin kwano a ɗakin mai jego ba ta kashe ba. Inna ta shigo, ta ga ba kowa, ta ɗauki jaririya. Abin da ta faɗa a nan, Harisu bai ji shi ba sai daga baya, da Adila ta ba shi wayar ya juye hotunan suna a kwamfuta. Ita Adila ba ta taɓa kallon bidiyon ba, don mafarinsa rufin ɗaki kawai yake nunawa. Wayar ma daga bisani ta faɗa ruwa a hanyar Baturiya. Inna ta rasu da kakar da ta biyo baya.

Ka ce mutum mai hankali zai kwafi irin wannan abu ya ajiye nan da can. Ina! Kunyar da ya tsotsa ba ta bar shi ba. Me za a ce in aka ji ƙato mai iyali yana laɓewa yana sauraron uwarsa? Sai ya canza wa bidiyon suna, ya rubuta "Takin zamani", ya cusa shi cikin foldar gona, don ya san ba mahalukin da zai buɗe. In gida ya yi shiru ya toshe kunne da iyafis ya kunna.

Ita kuma kwamfutar, ai ta unguwa ce. Duk mai son a zuba masa karatu ko waƙar biki a memori, gidan Malam Harisu. Shi ba ya iya cewa a'a, balle ga surukinsa Malam Gwadabe, mai sayar da bandar kifi, wanda memorinsa babu rumfar cajin waya daga nan har Birniwa da bai kwana a ciki ba. Shi ya zo jiya ya bar memorin a juye masa sabon tafsiri. Ana sokawa kwamfuta ta fara shashsheka. Da Harisu ya hau intanet neman magani, wani jan rubutu ya faɗo yana cewa kwamfutarka na cikin haɗari, danna nan a wanke maka kyauta. Ya danna kuwa, har da godiya a ransa.

Sai bayan azahar Adila ta iso daga garin Malam Madori, inda take aiki a shagon buga takardu. Hadari ya haɗo ta gabas, mutane na ta wucewa da buhunan yashi zuwa bakin kogi, don an ce ruwa ya ƙaru. Ta shigo tana yarfe gumi da gefen hijabi.

"Hamma, ka kira ni ya fi a ƙirga. Na ɗauka ruwa ne ya ci gida."

Ta zauna a tabarma ta jawo kwamfutar. Kallo ɗaya ta yi ta tafa hannu.

"La'ilaha illallahu! Anti Barira, zo ki ga kasuwa. Hamma, wannan ai ba bairos ya shiga kwamfutarka ba, kwamfutarka ce ta shiga gidan bairos."

"Ke dai duba min. Abubuwan suna nan?"

"Waɗanne abubuwa?"

"Abubuwa dai."

Ta fara da kashe intanet, ta ce kada a ƙara haɗa ta da komai. Ta zare memorin Malam Gwadabe da yatsu biyu kamar wadda ta tsinci mataccen ɓera. Ta kashe kwamfutar, ta sake tayar da ita ta wata hanya da ba ta barin komai ya motsa sai abin da ya zama dole, sannan ta soka filas ɗinta mai ɗauke da maganin bairos ta sa shi bincike. Wani koren layi ya fara rarrafe a allo.

Harisu ya tsuguna. Ya tashi. Ya je ya gyara wa akuya igiyar da ba ta kwance ba, ya dawo layin bai kai ko rabi ba. Barira ta ajiye masa abinci, ya sa hannu ya cire.

"Ka ga wannan da ka danna jiya?" in ji Adila. "Ba mai wanki ba ne, ɗan leƙen asiri ne. Duk abin da ka rubuta yana kwashewa ya tura wa masu shi. Yau ɗin nan za ka canza kalmomin sirrinka duka, amma a wayata, ba a nan ba."

"To. Su fayil ɗin fa?"

"Ɓoye su ya yi, bai cinye ba. Bari ka gani."

Ta rubuta wani abu, ta danna. Foldoji suka dawo reras. Harisu ya hango "Gona" a ƙasa-ƙasa, ya sauke ajiyar zuciyar da sai da Barira ta waiwayo.

"Kar ka yi murna tukuna," Adila ta ce. "Cutar ta yi jijiya. In na cire nan ta tsiro can. Dole a yi mata fomatin, a goge komai a zuba sabo. Zan kwashe abin da ya zama wajibi a filas ɗina, amma ƙarami ne, ba zai ɗauki shirgi ba."

Ana haka aka yi sallama. Malam Gwadabe ne, ya zo karɓar memorinsa, ƙamshin banda na biye da shi. Barira ta kawo wa babanta kujera bakin ƙofar ɗaki. Harisu ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi, ya koma gefe ya sunkuyar da kai. Tsohon ya ce a ci gaba, shi ba ya sauri, zai jira.

Adila ta shiga zaɓe da ƙarfi, kowa na ji. Takardun makaranta, ta kwafa. Hotunan suna, ta kwafa. Tafsiri, ta ce ana samunsa ko'ina. Ta buɗe foldar gona.

"Takin zamani. Kai, Hamma! Wannan shi kaɗai ya kusa cika filas ɗin. Bidiyon taki? Kai da ka tashi a fadama, wa zai koya maka watsa taki? Ya tafi."

Ta wuce shi.

Harisu ya buɗe baki, ya dubi ƙafafun surukinsa, ya rufe. Gumi ya jiƙa masa bayan riga. Ya ce a ransa bari tsohon ya tafi sai ya ja Adila gefe. Amma tsohon ya gyara zama har ya fito da goro. Iska ta fara kaɗa labule, Adila ta dubi sama ta ce gara ta yi sauri kada ruwa ya tare ta. Ta zare filas, ta kawo wani shafi mai tambaya ko an tabbata a goge komai, ta ɗora yatsa.

"Bari!"

Ihun ya fi ƙarfin ɗakin. Goro ya faɗi daga hannun Malam Gwadabe. Harisu, wanda bai taɓa ɗaga murya gaban surukinsa ba, yana tsaye riƙe da hannun ƙanwarsa.

"Ba taki ba ne," ya ce. "Inna ce."

Adila ta dube shi, ta fita daga shafin a hankali, ta koma foldar gona. Ta ce sai ta buɗe ta tabbatar cutar ba ta lalata shi ba. Ya lalubi aljihu yana neman iyafis, bai samu ba, ita kuwa ta riga ta danna.

Rufin ɗaki ne, da hayaniyar mata daga nesa. Can sai ƙarar ƙofa, sai gefen wani shuɗin zane. Sai muryar, 'yar siririya, da Hausarta mai karyewa.

"Zo nan, takwara. Kai, wannan hanci. Hancin Harisu ne sak. Haka ya zo min, ɗan mitsitsi, ina kallonsa ta ƙasan ido kada a ce na kalla. Harisu na. Ki bi shi a hankali, kin ji? Ba ya faɗin abin da ke damunsa."

Barira ta toshe baki da zane. Adila, auta, wadda Inna ta kira sunanta har ya gaji, ta kifa kai a gwiwa tana kuka wiwi.

"Hamma, ka bar wannan a wuri ɗaya? A kwamfutar da duk unguwa ke soka wa memori? Da na danna fa?"

Ta share fuska, ta mayar da filas, ta goge hotunan cikinsa da take da kwafinsu a shago don a sami wuri, ta kwafi bidiyon, ta sa maganin ya bincike shi. Ta ce yau zai kwana wuri uku, filas da wayarta da wayar Barira, in ya so ya yi fushi. Ta ce in ta gama za ta sa wa kwamfutar kalmar sirri, kuma ba memorin da zai ƙara shiga sai an duba shi.

Malam Gwadabe ya miƙa hannu ya ɗauki memorinsa daga tabarma, ya jujjuya shi, ya jefa a aljihu.

"Nawa ne ya jawo, ko?" ya ce. "To ba ya ƙara shigowa gidan nan. Allah Ya jiƙan Innarka Sakinatu. Malam, ni ma tawa uwar ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ni ba a ɗauka min ba."

Ya yunƙura zai tashi ya ba su wuri. Yayyafi ya fara buga kwano. Harisu ya zauna daɓas a ƙasa, gaban surukinsa, gaban matarsa, hawaye na bin gemunsa bai ko share ba.

"Baba, ku zauna," ya ce. "Adila, mayar da shi baya. Ki ƙara murya."